Alƙibla a Bakin Kududdufi

Har yau idan Kawu Munkaila zai nuna ni ga baƙi cewa yake, "Ga 'yar ƙanwata Saffana, wadda aka turo China karatun tsaka." Sai a kwashe da dariya, ni kuma in yi yaƙe. Na gaji da gyara masa. Abin da nake nazari a kai ba tsaka ba ce, ba ƙadangare ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. Sunanta salamanda, 'yar'uwar kwaɗo ce, sai dai ita tana da jela. Irin tamu baƙa ce wuluk, tsawonta bai wuce tafin hannu ba, fatarta da kaushi kamar ƙanzo, 'yan yatsunta da ƙasan jelarta kuwa ruwan goro, sai ka ce ta sha lalle. Ba ta gudu, ba ta cizo, ba ta kuka. Idan ka ɗaga ganyen da take kwance a ƙarƙashinsa kallonka kawai za ta yi.

Kusan duk shekara a ɓoye take cikin ruɓaɓɓen ganye, a dazukan kan duwatsu da ke arewa da Guangzhou, tana cin tana da ƙananan dodon koɗi. Sai ruwan farko ya sauka da ƙarfi a watan Afrilu take fitowa, ta ja ciki zuwa kududdufin da aka ƙyanƙyashe ta. Can za ta koma, ko da akwai wani a kusa. Ba a cikin ruwan take saka ƙwai ba, a gaɓa take sakawa a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganye, idan sun ƙyanƙyashe ruwan sama ya gangara da 'ya'yan ciki. Kafin ɗaya daga cikinsu ta isa yin nata ƙwan sai ta yi shekara huɗu ko biyar. Wato duk manyan da ke kan dutse guda suna taruwa wuri ɗaya na 'yan makonni, a fili, ba su iya tserewa. Mutum biyu da bokiti sun isa su gama da su kafin la'asar.

Malama Liang ce ta koya mini duk wannan. Ita ke duba aikina a jami'a, 'yar ƙaramar dattijuwa mai gajeren gashi da takalmin roba, ba ta da yawan magana. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta gano wani kududdufi a cikin dajin, ba ta taɓa rubuta inda yake a takarda ba. Ta taɓa yin wannan kuskuren da wani wurin tun tana matashiya, ta buga sunan ƙauye da na dutse a mujalla, damina biyu aka yi aka kwashe su tas. Wasu a akwatin gilashi suke ƙarewa a ɗakunan masu sha'awa, wasu a shanya su a busar a sayar wa masu haɗa magani. Doka ta hana, amma doka ba ta kwana a daji.

Kawu kuwa yayan Ummata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararsa goma sha bakwai a Guangzhou, ofishinsa na ginin Tianxiu a unguwar Xiaobei, yana tura yadi zuwa Kantin Kwari. Shi ya tare ni a filin jirgi. Shi ya saya mini rigar sanyi da tukunyar dafa shinkafa, kuma kowace Juma'a bayan an sauko sai na je Xiaobei mun ci tuwo tare, yana tsokanata ina ramawa. Ina son Kawu, wannan kam ba zan ɓoye ba. Har gobe bai iya karanta harafi ɗaya na Sinanci ba. Abin da ya iya shi ne "lawban" idan zai kira mai shago, da "meyo" idan abu babu, sai ƙirga. Da wayarsa yake gane hanya. Duk inda ya sauka daga mota, kafin ya yi sallama, sai ya danna alamar wurin ya ajiye. Kuma ban taɓa ganin mai riƙe sirrin wurin sari kamarsa ba. Da idona na ga yana ɓare takardun jikin kwali da reza don kada abokin cinikinsa na shekara goma ya ga sunan masana'anta.

Da Malama ta sa sunana cikin masu zuwa dajin, murna ta hana ni cin abinci. Sai na yi wautar gaya wa Umma a waya.

"Daji? Ke da su wa?"

"Da malamarmu, Umma, da ɗalibai uku."

"Maza ko mata?"

Na ce maza ne. Ta ce ko dai Kawu ya bi ni ya ga wurin da idonsa, ko in zauna a ɗaki in karanta tsakar a littafi. Na san Umma, idan ta faɗi magana a wannan muryar an gama.

Kunya kamar ta kashe ni lokacin da na kai wa Malama maganar. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Ta tambaye ni ko wannan al'adarmu ce, na ce eh. Ta tambaye ni ko na yarda da shi. Na ce mata wannan mutum ko 'ya'yan cikinsa ba su san inda yake sayen kaya ba, idan akwai wanda ya san darajar ɓoye wuri a garin nan to shi ne. Da bakina na faɗa, ina alfahari. Ta ce to, sau ɗaya, kuma zai ajiye waya kamar kowa.

Awa huɗu muka yi a mota, sannan awa biyu a ƙafa cikin yayyafi. A gindin dutsen Malama ta buɗe jaka kowa ya jefa wayarsa a kashe. Kawu ya jefa biyu yana dariya. Ya hau dutsen nan da jallabiya da takalmin aro, yana haki yana mita, wai shi ko a Falgore bai taɓa shiga daji haka ba.

Kududdufin bai fi faɗin tabarma uku ba, ruwan baƙi saboda ganye, bishiyoyi sun rufe samansa. Da farko ba ka ganin komai. Sai idonka ya saba, ka ga ganye na motsi, ka ga 'yan yatsu masu lalle. Mun ƙirga sittin da uku a ranar. Muka auna kowacce, muka mayar da ita daidai inda muka ɗauke ta. Malama ta ɗaga wani ganye a hankali ta nuna mini ƙwai, kowanne a cikin ɗan ƙunshin ruwa mai yauƙi, har ana ganin abin da ke ciki yana juyawa. Hawaye suka zo mini, ban san dalili ba.

Na ɗora ɗaya a tafina na kai wa Kawu. Ya ja da baya.

"Kauce da ita, 'yar nan. A gida wannan takalmi ake bi da ita."

"Kawu, ba tsaka ba ce."

"To ƙanwarta ce. Dubi idon."

Da azahar ta yi ya ce mu yi salla. Sama a rufe take da gajimare, ba rana ba inuwa, ba mai iya cewa ga alƙibla. Sai ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro waya ta uku, wata ƙarama da ban san da ita ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya gani ya taɓa Malama. Ni ce na yi sauri na shiga tsakani. Na yi mata bayani da Sinancina mai ɗingishi cewa ibada za mu yi, dole mu fuskanci wani sashe, wayar ce ke nunawa. Ta sunkuyar da kai cikin girmamawa, ta ma ja ɗaliban suka matsa gefe don kada su tsaya a gabanmu. Kawu ya ɗan daɗe yana latse-latse. Na ɗauka allurar nuna alƙibla ta wayar ce ke rawa, don takan yi haka a tsakanin duwatsu. Ya shimfiɗa leda, ya tayar da kabbara, na bi shi a baya.

A hanyar dawowa yana ta ba ɗaliban dabino. Da daddare ya kira Umma ya ce mata ta kwantar da hankalinta, mutanen kirki ne, wurin kuma ba abin da ke cikinsa sai kwaɗi.

Bayan mako uku muka koma, ba shi. Tun kafin mu isa na ga ƙasa a tattake. Kofunan taliya biyu, guntayen sigari, zoben gindin bokiti a cikin laka. An bi gaɓar kududdufin an birkice ganyen gaba ɗaya da sanda, ƙwan da ke ƙasa ya bushe ya zama kamar majina a jikin dutse. Muka yi awa uku muna nema. Biyu muka samu, duka maza.

Malama ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi jin daɗi. Tsugunawa ta yi tana bin gaɓar tana mayar da ganye kan sauran ƙwan da bai gama bushewa ba, ɗaya bayan ɗaya, da hannunta. A mota ta yi magana sau ɗaya tak. Ta ce a shekara goma sha ɗaya mutum tara ne suka taka wurin.

Wallahi ko a raina ban kawo Kawu ba. Ɗaliban na zarga. Akwai wani mai yawan sauya takalma masu tsada, na yi kwana uku ina hararsa, har na ƙi amsa gaisuwarsa. Idan na tuna wannan har yanzu sai in ji kamar in nutse.

Ran Juma'a na je Tianxiu kamar kullum. Kawu ya fita, sai maƙwabcinsa Souleymane, wani ɗan Maradi mai tura takalma, yana zaune a ƙofa yana shan shayi. Ya gan ni ya washe baki.

"A'a, ɗiyar alheri. Zo ki zamna. Ke ce kika buɗe ma kawunki ƙohwa, kin sani?"

"Wace ƙofa?"

"Bai gaya miki ba? Masana'antar leshin nan da yake biɗa shekara shida, ai ya samu adireshinta. Jiya ma ya dawo daga can."

Na san labarin masana'antar, kowa ya sani. Wani dillali ne ɗan China, Lawban Qiu, yake tsakani, ta hannunsa Kawu ke sayen leshin, kuma ya ƙi faɗin inda ake saƙawa ko da wasa. Souleymane ya ci gaba da ba ni labari yana dariya, shi a ganinsa abin yabo yake faɗa. Wai Kawu ya nuna wa Lawban hoton salamandar da ya ɗauka a dajin, don ya ba shi dariya, ya ce dubi abin da 'yarmu ta ƙetaro teku ta zo karanta. Lawban bai yi dariya ba. Ya ƙara girman hoton, ya kira wani surukinsa a waya. Washegari ya zo har ofis da ganyen shayi mai tsada, ya ce wuri da wuri, ka ba ni naka in ba ka nawa.

"Kin ga ciniki," in ji Souleymane. "Ba ko sisi. Ƙadangarun daji ya ba da, ya karɓi masana'anta."

Ban san lokacin da kofin shayin da ya miƙo mini ya faɗi ba. A daidai nan Kawu ya fito daga lif da baƙi biyu daga Kano, yana ta fara'a.

"Kawu, alƙibla ka nema ranar nan?"

Ya dube ni, ya dubi Souleymane, ya gane. Fuskarsa ba ta sauya ba.

"Na nema mana. Ba ki bi ni sallar ba?"

"Ka danna wurin."

"Ni duk inda na je ina dannawa, kin sani. Shiga ciki mu yi magana."

Ban shiga ba. A nan barandar, gaban baƙinsa da masu shaguna da 'yan dako, na faɗa masa abin da ke raina. Na ce ni na tsaya masa. Na ce matar nan ta matsa gefe don ta girmama sallarmu, shi kuma a cikin sallar ya yi mata sata. Na ce sittin da uku ne, saura biyu. Muryata tana ta tashi, har wani ɗan Ghana ya leƙo daga shagonsa.

Kawu ya bari na gama. Sannan ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi wa kwastoman da ya rikice.

"Saffana, lokacin da na danna ban yi niyyar komai ba, sabo ne. Daga baya abu ya zo. Shekara shida mutumin nan yana cin rabin wahalata. Gidaje nawa ne ke ci daga ofishin nan, har da naku? In ce masa meyo saboda tsaka?"

"Ba tsaka ba ce."

"To ko mece ce. Dajin China ne fa, ba gonar ubanki ba. Allah ya yi su da yawa, malamarku ta nemi wani ramin."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya yi ƙarya, da ya rantse bai yi ba, da na san aƙalla ya san ya yi laifi. Shi har zuciyarsa bai ga abin da ya ɓace ba. Mutumin da zai iya yanke zumunci da wanda ya leƙa takardar kwalinsa, shi ne ya ɗauki sirrin wata na shekara goma sha ɗaya ya yi musaya da shi, kuma ya yi barcinsa lafiya. Na juya na tafi ban yi masa sallama ba.

Ran Litinin na shiga ofishin Malama na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta rubuta sunan dillalin ta ce za ta kai wa hukumar daji, ko da yake ba ta sa ran a samu komai, kayan sun riga sun watse. Sunan Kawu ba ta tambaya ba, na kuma san don ni ta bari. Ta ce ta gode da na faɗa. Sannan ta ce akwai aiki da yawa a ɗakin gwaji wanda ke buƙatar mai haƙuri, za ta so in riƙe shi. Ba ta ce kada in sake zuwa daji ba. Amma da aka liƙa sunayen masu tafiya ta gaba, zuwa wani dutsen da ban san shi ba, nawa ba ya ciki, kuma ban ga laifinta ba. Na nemi ɗalibin nan mai takalma na ba shi haƙuri, bai ma san me na yi masa ba.

Juma'a biyu ban je Xiaobei ba. Kafin ta uku Umma ta kira.

"Me nake ji? Ke ce kika tsaya a kasuwa kina ɗaga wa Yaya murya?"

"Umma, ba ki san abin da ya yi ba."

"Na sani, ya gaya mini. A kan ƙwaro. Baƙin nan da suka gani sun dawo Kwari suna ba da labari, har gidan maƙwabtanmu su Nana Khadija an ji. Mutumin da ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Na fara da ƙwan, da shekara biyar ɗin, da Malama a tsugune. Ina jin kaina ina magana na san a kunnenta shirme ne. Ta katse ni.

"Ban yafe ba idan Juma'ar nan ta wuce ba ki je kin ba shi haƙuri ba."

Na je. Me zan yi? Na same shi a ofis, sabon leshin jibge har rufi, an ɓare takardar jikin kowane ɗauri. Souleymane na nan, da wasu mutum biyu. Na cire takalmi, na durƙusa a kan tayil.

"Kawu, na yi kuskure. A yi haƙuri."

Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, yadda kowa zai gani. Sannan ya yi murmushi, irin murmushinsa na gaske wanda nake so tun ina yarinya.

"Ba komai, 'yata, na yafe. Ƙuruciya ce. Tashi."

Na tashi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko wata robar alewa mai faɗin baki, an huda murfinta da ƙusa.

"Kin ga, ni ban manta da ke ba. Sai da na matsa wa Lawban ya sa aka nemo miki. Da ƙyar aka samu, wai duk an tura. Ga naki nan, ki mayar ramin, magana ta ƙare."

Guda ɗaya ce a ciki, a kan jiƙaƙƙiyar takardar goge hannu. Mace, ta rame har ƙasusuwan haƙarƙarinta sun fito, yatsa biyu na ƙafar gaba sun gutsure. Ta ɗago kai tana kallona ta jikin robar. Na san ba za ta koma ba. Duk wadda ta shiga hannun 'yan kasuwa ta cuɗanya da wasu daga wurare dabam-dabam, tana iya ɗauke da cutar fata da za ta kashe 'yan biyun da suka rage da duk abin da ya ƙyanƙyashe. Malama ba za ta taɓa yarda ba, ni ma ba zan yarda ba. A akwatin gilashi za ta ƙare a ɗakin gwajinmu, ni ce kuma zan riƙa ba ta tana kowace safiya.

Kawu yana riƙe da robar, hannunsa a miƙe, fuskarsa cike da jin daɗin wanda ya yi abin kirki. Souleymane yana gyaɗa kai yana cewa madalla. Duk suna jira.

Na sa hannu biyu na karɓa.

"Na gode, Kawu."

"Yawwa. Ajiye ta can nesa da kaya, ki wanke hannu, tuwo na hanya."